Manhaja za ta iya rage saurin netwok ɗin ofis?

Mai tambaya:
Assalamu alaikum 'yan uwa. Ofis ne mai kwamfuta 15, layin intanet ɗaya da saba, wato babbar kwamfutar ajiyar fayiloli. Tun da aka girka wasu sababbin manhajoji komai ya koma tafiyar hawainiya, musamman da safe. Manhajar ce ko wayoyin da suka haɗa kwamfutocin ne?

Amsa ta 1:
Wa alaikumus salam. Ƙwarai kuwa, kwamfuta ɗaya ta isa ta shaƙe layin kowa. Fara zargin masu kwashe fayiloli su kai intanet da kansu, irin su OneDrive, Dropbox da Google Drive. Yi lissafi: idan saurin ɗorawarku 10 Mbps ne, megabait 1.25 ke nan a daƙiƙa, don haka gigabait 5 sai ya ci fiye da awa guda. Duk tsawon lokacin nan saukewa ma rarrafe take, domin mai saukewa dole ya riƙa mayar da ɗan saƙon "na karɓa", shi kuwa ya maƙale a bayan manyan fayilolin. Da safe kowa ya kunna tasa lokaci guda, shi ya sa abin ya fi tsanani.

A kowace kwamfuta buɗe resmon, wato Resource Monitor na Windows, shiga sashen Network, ka jera manhajojin bisa yawan abin da suke aikawa. Mai laifin zai fito sama. Ba sai ka goge shi ba, ƙayyade masa saurin ɗorawa a saitinsa.

Amsa ta 2:
Malam, kafin ka taɓa komai ka rarrabe: intanet ne ke nauyi, ko har buɗe fayil daga saba? Yi ping, wato gwajin lokacin da saƙo ke ɗauka ya je ya dawo, zuwa rauta, na'urar da ke haɗa ofis da intanet. Ta waya bai kamata ya wuce millisakan 1 ko 2 ba. In wannan lafiya amma fayilolin saba na jinkiri, duba antibairos; wani kan binciki kowane fayil a saba, ya sake bincikarsa a kwamfutar mai buɗewa. Antibairos biyu a kwamfuta ɗaya kuwa, fitina ce kawai.

Amsa ta 3:
Kada dai a ɗora wa manhaja laifin waya. Gigabit, wato saurin 1000 Mbps, na buƙatar duka silla takwas na cikin wayar. Ɗaya ta tsinke, sau da yawa sai layin ya faɗo 100 Mbps ba tare da wani gargaɗi ba. Sannan ka leƙa suwic, akwatin da wayoyin kwamfutocin ke haɗuwa: in fitilunsa duka na ƙyaftawa tare ba hutu, wataƙila wani ya soka duka bakuna biyu na waya ɗaya a jikinsa. Zare wayoyin ɗaya-ɗaya har fitilun su lafa.