Faifai ce ko ƙwallo? Musayar waƙa tsakanin 'yan Kaduna

Direban Mando:
Salamu alaikum, ku matso kusa,
Yau rigimata a kan duniya.
Na kai Legas, na kai Maiduguri,
Ban ga inda ta lanƙwasa ba ko ɗaya.
A shimfiɗe take, faifai ce,
Mai cewa ƙwallo ce ya shara ƙarya.
In juyi take, ya Kogin Kaduna
Bai zube ya bar kadoji a hanya?

Malamar Unguwar Rimi:
Baba Direba, barka da sauka,
Ajiye makulli ka ji gaskiya.
Tururuwa in ta hau bayan ƙwarya,
Gani take a fili take tafiya.
Kilomita dubu 40 ne kewayenta,
Legas ɗinka taku ne cikin nahiya.
Ruwan kogi kuwa ƙasa ke riƙe shi,
Ita ke jawo mangwaro daga bishiya.

Ɗan Barno na Kawo:
Malama, bar ni da Bafulatanin nan,
Da azumi zan kama shi, ba wuya.
A Maiduguri mun sha ruwa mun kai ga kunu,
Kaduna ana leƙen agogon waya.
Mutanen Sakkwato kuwa sai haƙuri,
Rana na nan, ƙosai na kan suya.
Da faifai ce, rana in ta faɗi,
Da mun yi buɗa-baki lokaci ɗaya.
Kira alhajinku ka tambaye shi,
Awa 2 suka riga mu a Saudiyya.

Direban Mando:
Babarbare, mun san halinku,
Kwaɗayi ne, ba ilimin samaniya.
Ladaninku ne ke jin yunwa,
Ya hango kunu ya ɗaga murya.

Ɗan Barno na Kawo:
Wanda ya bar shanu ya kama sitiyari,
Shi zai koya mana lissafi? Abin dariya!

Malamar Unguwar Rimi:
Ku bar wasan, ku zo mu je Masar,
Shekara sama da 2,000 baya.
Wani masani, Iratostinis, ya ji labari:
A Aswan rana kan leƙa ƙasan rijiya.
Ran nan da tsakar rana ba inuwa can,
Amma akwai ta a Iskandariya.
Ya auna inuwar, ya haɗa da nisa,
Ya fito da kewayen ba tare da tafiya.
A 1519 jirage 5 suka tashi,
Magellan ke ja, daga Sifaniya.
Yamma suka nufa, ba su juyo ba,
Shi ya mutu a Filifin, a tsakar hanya.
A 1522 sai ga su ta ɗaya gefen,
Cikin biyar ɗin saura jirgi ɗaya.
Baba, a kan faifai wa ke miƙewa
Ya dawo gida bai yi ribas baya?

Direban Mando:
'Yata, duk Turawa kika jero,
Masu jan kunne, ni ban saya.

Malamar Unguwar Rimi:
To ga namu, Baba, gyara zama:
Halifa Ma'amun na Abbasiyya.
Daga Bagadaza ya tura malamai sahara,
Su auno masa girman duniya.
Albiruni ma dutse ya hau,
Ya yi lissafin, ba jirgi ba waya.

Mai Shayin Tudun Wada:
Ni ban yi boko ba, amma ina da ido,
Ran husufin wata a waje na tsaya.
Yara na kaɗa gwangwani a unguwa,
Wai rana ta saki wata, ana hayaniya.
Inuwar da ta hau shi zagayayya ce,
Inuwar ƙasa ce, haka malam ya gaya.

Direban Mando:
Madalla, Mai Shayi, ka taimake ni!
Faifai ma ai zagaye ne, ka faɗi gaskiya.

Malamar Unguwar Rimi:
Kai Baba, wannan karon ka yi dabara,
Sai da na ajiye alli na yi dariya.
Amma ɗauki faifan Inna ka karkata shi,
Inuwarsa ta koma siririya.
Ta ƙasa kuwa, kowane husufi,
Ta kowane gefe, ba ta sauya.

Mai Shayin Tudun Wada:
Faifai ko ƙwallo, ku kuka sani,
Direba, kuɗin shayina na jiya.
Da burodi da ƙwai, har da madara,
Ka ce lodi za ka, ka sulale ta baya.

Direban Mando:
Kwantar da hankalinka, Mai Shayi,
Ran da na kai bakin duniya zan biya.

Ɗan Barno na Kawo:
Mai Shayi, yafe kawai ka samu lada,
Ƙwallo ba ta da baki, ya ci bulus ɗan tsiya.