Landan zuwa Tokyo: me ya sa lissafina bai yi daidai da na tikiti ba?

Mai_Lissafi:
Jama'a, a warware mini wannan. Tsakanin Landan da Tokyo kusan kilomita 9,600 ne, jirgin fasinja kuma yana cin kamar kilomita 900 a awa. In an raba, tafiyar ba ta kai awa 11 ba. To ina aka samo awa 14 da kamfanoni ke rubutawa?

Kyaftin_Sama:
Malam, lissafinka daidai ne, sai dai hanyar da ka auna ba ita ake bi ba yanzu. Kilomita 9,600 ɗin ta kan Siberiya ce, a ƙasar Rasha, kuma da ana binta ana sauka cikin awa 12 ko ƙasa da haka. A watan Fabrairun 2022, da yaƙin Yukren ya ɓarke, Rasha ta hana jiragen Birtaniya shiga sararin samaniyarta, kamfanonin Japan kuma suka ƙaurace wa hanyar da kansu.

Yanzu mai zuwa Tokyo yakan yi kudu: Turkiyya, tekun Kasfiya, Kazakistan, Sin. Mai dawowa Landan kuwa sau da yawa arewa yake yi, ta Alaska da Girinlan. Iska ce ta raba hanyoyin. A tsayin da jirage ke tafiya, wajen kilomita 10 zuwa 12, akwai iska mai ƙarfi da ke busowa daga yamma zuwa gabas, da hunturu takan wuce kilomita 200 a awa. Mai zuwa gabas nemanta yake ta tura shi, mai zuwa yamma kuma kauce mata yake, ko da hanya ta ƙara tsawo. Kuma kewayen nan ba kyauta ba ne: ƙarin mai yana ƙara nauyi, wani lokaci sai an rage kaya.

Hajiya_Tikiti:
Ƙari kaɗan. Awannin da ke tikiti daga barin ƙofar shiga jirgi ne zuwa tsayawa a ƙofar sauka. Layin jiran tashi a filin jirgin Heathrow na Landan kaɗai yakan ci minti 20.

Inda mutane suka fi ruɗewa shi ne agogo, domin kowane lokaci a tikiti na garin da aka rubuta ne. Tokyo na gaban Landan da awa 9 da hunturu, awa 8 daga ƙarshen Maris zuwa ƙarshen Oktoba, don Japan ba ta sauya agogo. Misali, tashi 9:00 na safe a Janairu, sauka 8:00 na safe washegari. 9:00 ɗin 6:00 na yamma ne a Tokyo, daga nan zuwa 8:00 awa 14 ke nan, ba 23 ba.

Mai_Lissafi:
Na gode, Hajiya. Amma ba jirgin da ke ratsa Rasha yanzu?

Kyaftin_Sama:
Kamfanonin Sin suna ratsawa har yanzu. Sai dai dole ka ya da zango a Sin, kamar a Beijin ko Shanghai, kuma jiran jirgi na biyu yakan cinye awa biyun da aka rage, har ya ƙara.