Daren da Regine ta raba kan zaurenmu

Wannan ita ce hayaniyar da ta ɓarke a zaurenmu na masu kallon finafinan Filifin ranar Litinin, 27 ga Nuwamba, 2023, kan mawaƙiyar Filifin Regine Velasquez. Na kwaso ta yadda take, saƙonnin murya kawai na cire.

Ɗan Manila: Assalamu alaikum. Yau dai sai na amayar da abin da ke raina. Ranar Asabar na turo muku bidiyo shida daga wasan Regine Velasquez a Mall of Asia Arena, hannuna na rawa, cajina na shirin ƙarewa. Kusan kowa ya buɗe, amma babu wanda ya ce uffan. Jiya kuwa da aka turo hoton kyanwa da hula sai da kuka kai sha biyun dare kuna sharhi. Mace mai shekara 53, wadda ta shekara 37 tana waƙa, ta hau dandamali ta rera waƙoƙin rok tun daga farko har ƙarshe, muryarta ko gezau. Wasan ma sunansa Regine Rocks. Na faɗa kuma zan maimaita: ita ce sarauniyar rok ta Asiya. Wanda bai yarda ba ya fito.

Maman Ilham: Wa alaikumus salam. Yi haƙuri ƙanina. Ka manta kun riga mu da awa bakwai. Lokacin da kake can kana ihu mu nan rana tsaka ce, ina bakin murhu.

Mai Gita: Na fito. Rok? Wane rok?

Ɗan Manila: Kalli bidiyon mana, Yaya.

Mai Gita: Na kalla tun ranar, kunya ce ta sa na yi shiru. Waƙoƙin mutane ta aro ta rera. Zanen aro ba ya rufe katara. Laƙabin da 'yan ƙasarta suka ba ta shi ne Asia's Songbird, wato tsuntsuwar Asiya mai zaƙin murya. Ka taɓa jin an kira ɗan rok da tsuntsuwa? Da waƙoƙin soyayya masu sa kuka aka san ta. Don ta yi shigar 'yan rok dare ɗaya ba za ta koma 'yar rok ba. Ni ma in na sa rawani ba zan zama hakimi ba.

Nas ɗin Jidda: Ni abin da na sani, abokan aikina 'yan Filifin a nan ba su da zance tun Asabar sai nata. Wata ma musayar aikin dare ta yi don ta zauna ta bi bidiyon da ake ɗorawa. Su irin wannan ɗaga muryar har ƙololuwa suna ce masa birit, mai yinsa kuma biritera. In suka kunna karaoke ranar hutu, da waƙar Regine ake gane wadda ta iya da wadda ke ɓata wa mutane kunne.

Mai Gita: Yauwa, kin taimake ni. Birit. Su da kansu ba su ce rok ba.

Nas ɗin Jidda: Ni ban taimake ka ba, labari na bayar.

Ɗan Manila: Yaya, kai da ka san komai, ka san tun a faifanta na R2K na 1999 ta rera waƙar ƙungiyar Aerosmith ta Amurka? Aerosmith fa! Ko su ma ba 'yan rok ba ne?

Mai Gita: Alhamdulillahi, ka kawo kanka. Waccan waƙar, I Don't Want to Miss a Thing, ba Aerosmith ne suka rubuta ta ba. Diane Warren ce ta rubuta, wadda ke rubuta wa su Celine Dion waƙoƙin soyayya, kuma don wani fim na 1998 aka yi ta. Wato ko da ta je aro gidan 'yan rok, kayan da su ma suka aro daga gidan pop ta ɗauko. Aron aro ke nan.

Ɗan Manila: Amma ai da ita suka fara hawa na ɗaya a jerin waƙoƙin Billboard na Amurka.

Mai Gita: Shi ya sa masoyansu na asali har yau suke jin haushinta.

Ummi Autar Mama: Wai don Allah mene ne ma rok ɗin? Ni na ɗauka duk waƙar da ake ihu a ciki ce.

Mai Gita: Gita mai wuta, gita mai kaurin amo, ganguna, sai ƙungiya ta mutum huɗu ko biyar da suka zauna suka tsara waƙarsu da kansu suka kaɗa da hannunsu. In kuna son rok na Filifin ku nemi Juan de la Cruz Band na shekarun 1970, ku nemi Eraserheads da suka sake haɗuwa bara a watan Disamba. Ko Arnel Pineda, wanda mai gitar ƙungiyar Journey ta Amurka ya tsinto a YouTube a 2007 suka ɗauke shi ya zama mawaƙinsu. Waɗannan su ne 'yan gida.

Ɗan Manila: Tsaya nan! Arnel Pineda da me aka gano shi? Ba waƙoƙin Journey ɗin yake rerawa a gidajen rawa na Manila ba? Ashe aro halal ne in namiji ya yi.

Maman Ilham: Ka ji magana!

Mai Gita: Shi masu kayan ne suka kira shi suka damƙa masa. Akwai bambanci.

Maman Ilham: Bambancin dai gemu ne.

Na Damagaram: Ku bari in shigo. Kuna ta tsallaka teku neman rok, ga shi nan bayan gidanku. Bombino ɗan Agadas ne, ya shiga takarar Grammy a 2019, ɗan Nijar na farko da ya kai nan. Mdou Moctar da wayar birkin keke ya haɗa gitarsa ta farko, yau Turawa layi suke bi su kalle shi. Amma ku 'yan Najeriya abu in ba daga nesa ya zo ba ba ya burge ku.

Sarkin Zolaya: To kunna mana mu ji. Au, na manta, gitar mai wuta ce.

Na Damagaram: Kai ba ka da kunya. Ku kuka yanke mana wutar tun watan Agusta, kuka rufe iyaka, albasa na ruɓewa a mota, yanzu ka zo kana dariya. Ka bari a buɗe boda ka zo sayen rago.

Sarkin Zolaya: Wallahi ni ma tun jiya ba mu ga wuta ba. Wadda aka hana ku ba mu aka ba wa ba.

Maman Ilham: Ban da siyasa a zauren nan. Doka ta uku.

Baba Alhaji: Salamu alaikum yara. Ni ban san wannan yarinyar ba. Wannan ɗakin da kuke faɗa, shi ne inda Muhammad Ali ya dambace da Frazier a 1975? A rediyo muka bi labarin, sai da aka yi turmi 14 kafin mai horar da Frazier ya ce ya isa.

Ɗan Manila: A'a Baba, wancan Araneta Coliseum ne, a Quezon City. Wannan a Pasay yake, bakin teku, a 2012 aka buɗe shi. Amma a Araneta ɗin ma ta yi wasan cikarta shekara 20 tana waƙa a 2006.

Baba Alhaji: To madalla. Allah ya yi muku albarka. A riƙa karatu dai.

Malam Lissafi: Ni akwai abin da bai zauna min ba. Ka ce 20 a 2006, wato daga 1986 ake ƙirga. To wasan cika 30 a 2017 ta yi shi. A cire 30 daga 2017, 1987 ke nan. Na cika 25 kuma a 2012. Yanzu kai ka ce 37. Da wace shekarar za mu kama?

Ɗan Manila: Waƙarta ta farko a 1986 ta fita, lokacin ma Chona ake kiranta. Cikakken faifai mai sunan Regine kuwa 1987. Kowanne ka ɗauka daidai ne.

Malam Lissafi: A lissafi ba a amsa biyu.

Ummi Autar Mama: Malam, mata ba a ƙirga musu shekaru.

Fati Popster: Ku gama dai. Ni abin da ya ba ni haushi shi ne kalmar sarauniya. Wace sarauniya ana zaune ƙalau? Sarah Geronimo ta yi nata na cika 20 a watan Mayun nan a Araneta, tana waƙa tana rawa, numfashinta bai sarƙe ba. Ban ga ka turo mana bidiyo shida ba. Kowa da zamaninsa. Tsohuwa ta huta haka nan.

Maman Ilham: Wa kike kira tsohuwa?

Fati Popster: Anti ba da ke nake ba.

Maman Ilham: Shekara biyu ta ba ni. In ita tsohuwa ce, ni mece ce? Faɗa min.

Fati Popster: Wallahi Anti ban san shekarunki ba.

Sarkin Zolaya: Yanzu dai duk mun sani.

Maman Ilham: Kuma ki je ki tambaya. Gasar da Sarah ɗin taki ta ci a 2003, wa ke gabatar da shirin? Regine ce. A gabanta aka miƙa mata kyautar tana 'yar shekara 14. A 2020 tare suka yi wasa a dandamali ɗaya, ita Sarah ɗin ba ta taɓa raina ta ba, sai ke da ko Legas ba ki taɓa zuwa ba.

Fati Popster: Ina ruwan Legas a ciki? Kuma tunda abin tone-tone ne, wace ce muryarta ta ɗauke a tsakiyar wasa a 2012, a wannan ɗakin dai da ake mana kuri da shi?

Ɗan Manila: Rashin lafiya ce ta kama ta! Kuma ta dawo a Janairun 2013 ta sake wasan gaba ɗaya. Wannan ai abin yabo ne. Kun san yadda aka gina muryar nan kuwa? Tana ƙarama a Leyte mahaifinta yake tsoma ta a teku ruwa har wuya, ya ce ta rera, don huhunta ya yi ƙarfi. Da haka ta ci gasar talabijin a 1984, ta je Hong Kong ta ci ta Asiya da Fasifik a 1989.

Mai Gita: Ko a rijiya aka tsoma ta, ba rok ba ne.

Ustazu: Ni tambayata ɗaya ga ɗan'uwa. Karatun likita aka tura ka ko kallon mawaƙa? Kuɗin tikitin nan da na mota, daga ina? Yanzu fa ka san yadda naira take.

Ɗan Manila: Ustazu da kuɗina na saya, wata uku ina tarawa. Can sama ma na zauna, inda ake ganinta kamar ƙwayar gero.

Ustazu: To ka ga, ko ganinta ba ka yi ba.

Sarkin Zolaya: Ustazu, kai me kake yi a zauren finafinan Filifin?

Ustazu: Uwargida ce ta sa ni, don in riƙa tura mata lokacin da ake haska shiri.

Sarkin Zolaya: Shi ya sa ranar nan ka fi kowa jin haushi da aka kashe jarumin?

Ustazu: Zalunci ne aka yi masa, ko a fim ne dole a faɗa.

Nas ɗin Jidda: Tunda an zo maganar kuɗi, Ɗan Manila, ina busasshen mangwaron Cebu da na tura maka kuɗinsa tun kafin babbar salla? Wata uku kana tara na tikiti, ni wata biyar ina jira.

Ɗan Manila: Anti Nas wannan ai maganar gefe ce, ki same ni ta bayan fage.

Nas ɗin Jidda: Na same ka sau huɗu. Kana buɗewa ba ka amsawa. Kai ne fa ka fara kukan an buɗe naka ba a ce uffan ba.

Na Damagaram: Kaico!

Mai Gita: An gama shari'a.

Ɗan Manila: Ba a gama ba. Har yanzu ba ka amsa maganar Arnel ba.

Mai Gita: Na amsa, koma sama.

Malam Lissafi: Ni ma ba a amsa tawa ba.

Maman Ilham: Ya isa haka. Tunda ni ce shugabar zaure, bari in taƙaita wa waɗanda za su shigo da safe, kar su sha wahalar karanta saƙo ɗari. Ƙaninmu ya kawo hujjoji da shekaru da sunayen wurare, ya nuna Regine ta cancanci a kira ta sarauniya, kuma mafi yawan 'yan zaure sun gamsu. Mai Gita ya yi ta kewaye-kewaye kan ma'anar kalma ɗaya, da aka kawo masa misalin Arnel sai ya rasa ta cewa. Baba Alhaji ya sa albarka, wanda ke nuna yana tare da mu. Fati ta yi rashin kunya ga na gaba da ita, muna jiran ban-haƙurinta kafin azahar. Maganar wuta da boda ba ta zauren nan ba ce. Maganar mangwaro kuma tsakaninsu ce, kuma ni shaida ce yaron nan mai amana ne, nawa ya iso tun watan jiya.

Nas ɗin Jidda: Naki ya iso?

Mai Gita: Su wane ne mafi yawan? Ke da shi ne fa kawai.

Nas ɗin Jidda: Anti, leda nawa ya kawo miki? Ni uku na biya.

Maman Ilham ta sauya saitin zaure: shugabanni kaɗai ke iya tura saƙo.