Masu harba bindiga, yaya kunnuwanku suke?

Ɗan maharbi, Mabera

Assalamu alaikum. Ina roƙon duk wanda ya taɓa riƙe bindiga, ko yake zaune da mai riƙe ta, ya ba mu labarin abin da ƙararta ta yi wa kunne. Mahaifina maharbi ne tun yana saurayi, can wajen Dange. Yanzu in ka zauna ta hagunsa sai ka yi ta maimaita magana, rediyo kuwa sai ya ƙure murya. Shi ya ce tsufa ne. Ni ban gamsu ba, don ƙanensa da suke kusan sa'a, wanda bai taɓa farauta ba, ras yake ji.

Maharbi, Gwadabawa

Wa alaikumus salam. Yaro, abin ga da ka gani ga babanka, rabinmu haka muke, faɗi ne ba mu yi. Ni nawa rana ɗaya ya same ni. Munka fita farautar rani, zabi sunka tashi, wani abokin tafiya ya ɗaga bindigar toka ya saki, bakinta dab da kafaɗata. Kuma mutum ne mai cika albarushi. Nan take kunnen ya toshe, ina ganin bakin mutane na motsi ba ni jin komai. Da anka kwana biyu jin ya ɗan dawo, amma wata ƙara ta zauna ciki awa kukan gyare, har yau ba ta fita ba. Da rana hayaniya na rufe ta. In dare ya tsala, gari ya yi tsit, nan ne take hana ni barci.

Kuma a cikinmu in ka toshe kunne za ka harbi, sai a yi maka dariya a ce raggo ne. Wannan maganar ta kurumtar da maza da yawa.

Tsohon soja, Gawon Nama

Ɗan maharbi, ka lura da kyau da ka ce hagu. Mai harbi da dama yana kwantar da kuncinsa na dama a gindin bindiga, sai kafaɗa da kai su kare kunnen dama, na hagu kuma ya fuskanci bakin bindiga. Shi ya sa hagu ke fara tafiya. Bahago kuma dama ce ke fara lalace masa. Nawa ma hagun ne.

Mafi muni shi ne harbi a cikin ɗaki, ko cikin mota, ko jikin katanga, don ƙarar tana bugun bango ta dawo maka. Na kusa da kai kuma sau da yawa ya fi ka shan wahala.

Wasu matasa suna tambayata game da salansar bindiga, wato ƙarfen da ake ɗaurawa a bakinta don rage ƙara, wai a fim sai ka ji ɗan "fit" kawai. Ba haka abin yake ba. Abin da take ragewa desibel 20 zuwa 35 ne (desibel shi ne ma'aunin ƙarfin sauti), ƙarar da ta saura har yanzu mai iya cutar da kunne ce. A ƙasashen da maharba ke amfani da ita ma, ana ba su shawarar su toshe kunne duk da haka. Mu nan matoshin kunne na soso shi ne abin da hannunmu zai kai. Amma da yawa ba su iya sa shi ba, sai su ɗosana shi a bakin kunne. Murza shi za ka yi da yatsu har ya zama siriri, ka zagayo da ɗaya hannun ta saman kai ka ja kunnen sama, ka tura shi ciki, ka riƙe da yatsa har ya kumbura ya cika ramin. In muryarka ta koma tana yi maka gum a cikin kai, ya zauna.

Ma'aikaciyar jinya, Arkilla

Na yi aiki da masu ciwon kunne, kuma raina yana ɓaci in na ga magidanci da ƙarfinsa ya zo bayan abu ya riga ya lalace. Hirar yau da kullum wajen desibel 60 take. Daga 85 ake fara jin tsoro in mutum zai yini cikin ƙarar, kamar masu injin niƙa. Harbin bindiga kuwa yawanci tsakanin 140 ne da 170, kuma a wannan matakin harbi ɗaya ya isa ya yi ɓarna ta dindindin. A can cikin kunne akwai wasu ƙananan ƙwayoyin halitta masu gashi-gashi da ke karɓar sauti. In sun mutu ba sa sake tsirowa.

Siraran sautuka ne ke fara ɓacewa, shi ya sa mutum zai ce yana jin magana amma ba ya gane ta, musamman muryar mata da yara, ko a cikin taro.

Baba na Gwadabawa, ranar da kunnen ya toshe, ranar ce ta zuwa asibiti. Duk wanda jinsa ya ɗauke farat ɗaya, ko ya ga jini ko ruwa na fita, kada ya jira mako ya zagayo. Kuma don Allah a daina ɗiga man zaitun ko ruwan albasa, don in dodon kunne ya fashe ƙara masa ciwo za a yi. Auduga ma kusan ba ta tare komai. Ana gwajin ji a sashen kunne, hanci da maƙogwaro na Asibitin Koyarwa na Jami'ar Usmanu Danfodiyo, akwai kuma cibiyar kula da kunne ta ƙasa a Kaduna.

Ɗan sintiri, Goronyo

Sista, maganarki gaskiya ce, amma ku duba halinmu. Mu da ke tsaron gari da dare, kunne ne ranmu. Karyewar kara, haushin kare, ƙugin babur daga nesa, da su muke sanin ana tafe. In na cusa soso a kunne, wa zai ji mini?

Tsohon soja, Gawon Nama

Ƙanena, ban ce ka toshe kunne kana gadi ba. Amma ka tuna harbin da ka yi a rayuwarka: nawa ne na artabu, nawa ne na gwada bindiga, ko horo, ko harbin iska? A waɗannan babu uzuri. Ka sami matoshin kunne mai igiya ka rataya a wuya. Akwai kuma abin rufe kunne mai batir, wanda ke ƙara maka ƙananan sautuka ya datse ƙarar harbi. Yana da tsada, amma ƙungiya za ta iya haɗa kuɗi. Kuma ka sani, kunnen da kake taƙama da shi yau, harbin ne ke cinye shi.

Matar maharbi, Kanwuri

Ni ta gefen gida zan yi magana. Mun sha saɓani da maigidana, ina zaton share ni yake yi in na yi magana daga madafa. Ashe ba ya ji ne. Abin da ya fi damunsa shi ne a masallaci in yana sahun baya karatun liman ba ya fita masa sosai. Ya rage zama majalisa ma, don ya gaji da cewa "na'am?"

Sai maganar yara. Ranar Sallah ko naɗin sarauta, in 'yan bindiga suka fara saki, yara ne ke rububin matsawa kusa. Na ga uwa da goyo a tsaye gefen mai harbi. Sista, wannan da babu harsashi a ciki, shi ma yana cutarwa?

Ma'aikaciyar jinya, Arkilla

Ƙwarai kuwa, Hajiya. Fashewar albarushin ce ke bugun kunne, ko da harsashi ko babu. A ja yara nesa, mai goyo kada ta tsaya kusa sam. Maigidanki kuma ya je a gwada shi, na'urar ƙara ji tana taimakon irinsu sosai.

Mai walda, Tudun Wada

Masu neman sosan, ku duba shagunan da ke sayar da hular kwano da takalman ma'aikatan gini, wasu manyan kemis ma suna ajiyewa. Ku karanta lambar da ke jikin ledar, wadda ke nuna yawan ƙarar da yake ragewa, ku ɗauki mai kusan 30. In ya yi datti ko ya daina kumbura, a jefar a sa sabo.