An ce ina ɗauke da ciwon hanta na B: ta yaya zan kauce wa sankarar hanta?

Baban Hafsat ya rubuta:

Assalamu alaikum. Yayana ya rasu bara, bai kai shekara hamsin ba. Ya daɗe yana rama yana kukan nauyi a ƙarƙashin haƙarƙarinsa na dama, ana ta ba shi maganin olsa da jiƙon shawara, sai da cikinsa ya kumbura idanunsa suka yi ɗorawa sannan aka kai shi babban asibiti, inda hoto ya nuna sankara ce a hanta, kuma ta riga ta yi nisa. Likitan da ya duba shi ya ce mu 'yan ɗakinsu duka mu je a gwada jininmu. Na je, aka ce ina ɗauke da ciwon hanta nau'in B, alhali ni ba na jin ciwon komai, kullum ina shagona.

Ina roƙon masu sani su gaya mini ko wannan yana nufin ni ma ƙarshena sankara ce, da irin binciken da ya kamata in riƙa yi, da abin da zan ci ko in bari. Maiɗakina tana da ciki, kuma tun da ta ji labari ta ware mini kwano da kofi, domin an gaya mata har ta gumi ana ɗauka.

Ma'aikaciyar Jinya ta amsa:

Wa alaikumus salam. Allah ya jiƙan yayanka, ya ba ku haƙuri. Malam, ka kwantar da hankalinka, domin mafi yawan masu ɗauke da wannan ƙwayar cuta ba sa kaiwa ga sankara, kuma ba kai kaɗai ba ne: babban binciken da aka yi a Najeriya a 2018 ya nuna kimanin kashi 8 cikin 100 na manya suna ɗauke da ita, akasarinsu ba su ma sani ba.

Zancen gumi ba shi da tushe. Ba a ɗaukarta ta cin abinci a kwano ɗaya, ko musafaha, ko tari. Hanyarta jini ce, da saduwar aure, da haihuwa. Ganin kai da yayanka duka kuna da ita, ba mamaki tun kuna jarirai ko ƙanana kuka samu, kuma a nan ne matsalar take. Babban mutum idan ya kamu, jikinsa kan kore ta da kansa, ƙasa da kashi 5 cikin 100 ne take zama musu. Jariri kuwa, kusan 9 cikin 10 da suka kamu za su rayu da ita, tana cin hanta a ɓoye shekara talatin ko arba'in.

Saboda haka abin da ya fi gaggawa a gidanka shi ne cikin nan. A gwada maiɗakinka a wurin awo. Idan ba ta da ita, a yi mata allurar rigakafi, wadda ake yi sau uku cikin wata shida, kuma ciki ba ya hana yin ta. Idan tana da ita, likita zai duba yawan ƙwayar a jininta, ya ga ko tana bukatar magani kafin haihuwa. Ko yaya sakamakon ya fito, a yi wa jaririn allurar farko cikin awa 24 da haihuwa, sauran kuma suna cikin alluran sati 6 da 10 da 14. A nan muke yawan yin asara: a haihu a gida, a ce mai jego ba ta fita sai bayan suna, wasu ma sai an yi arba'in, lokacin da allurar ta fi amfani ya wuce. Idan uwa ba za ta iya fita ba, kakar yaro ko gwaggonsa ta naɗe shi a zani ta kai shi asibitin sha-ka-tafi mafi kusa a ranar. Najeriya ta sa wannan allura cikin rigakafin yara tun 2004, kuma kyauta ce. A Taiwan, inda aka fara yi wa jarirai ita a 1984, an ga sankarar hanta ta ragu ƙwarai a tsakanin yaran da aka haifa bayan nan.

Ɗan Kantin Kwari ya amsa:

Allah ya ba da lafiya. Ni dai na san wani maƙwabcina da aka ce yana da ita, ya sayi wani jiƙo na gargajiya ya sha na 'yan watanni, da ya koma gwaji aka ce babu komai. Ina ganin babu laifi ka jarraba, domin maganin asibiti an ce sha ne har abada.

Wani Likita ya amsa:

Ɗan'uwa na Kwari, ban ƙaryata labarinka ba, amma bayaninsa yana cikin abin da malamar jinya ta faɗa. Wanda ya kamu yana babba, yawanci jikinsa ne yake kawar da ƙwayar cikin wata shida, ko ya sha jiƙo ko bai sha ba, sai mai jiƙo ya karɓi yabon. Shi ya sa ba ma cewa ciwon ya zauna sai gwajin jini da ake kira HBsAg, mai nuna ko ƙwayar cutar tana jiki, ya sake nuna shi bayan wata shida. Wanda ya zauna masa kuwa, har yau babu wani jiƙo da aka tabbatar yana fitar da shi, kuma hantar da take fama ita ce za ta tace duk abin da aka ɗura mata, wanda ba a san abin da ke ciki ba balle adadinsa. Mun sha karɓar mutanen da jiƙon ne ya ƙarasa hantarsu.

Baban Hafsat, ga abin da zan ce maka da kana gabana. Ka nemi likitan ciki da hanta, a auna yawan ƙwayar a jini, a duba lafiyar hantar da gwajin jini da hoto, a haɗa da gwajin nau'in C da na ƙanjamau, domin suna canza irin maganin da za a ba ka. Ba kowa ake ɗora wa magani ba. Wanda yake bukata ana ba shi tenofovir ko entecavir, ƙwaya ɗaya a rana, kuma gaskiya ne yawanci na tsawon rai ne. Maganin yana danne ƙwayar cutar, yana rage haɗarin ƙanƙancewar hanta da sankara, amma wanda ya fara ya daina da kansa yana iya jawo ciwon ya taso da ƙarfi.

Abin da na fi so ka riƙe shi ne hoton ciki duk bayan wata shida, sau da yawa tare da gwajin jini da ake kira AFP, ko kana shan magani ko ba ka sha, ko da kana jin garau. Rasuwar yayanka da wannan ciwo ta sa ka cikin waɗanda wannan bibiya ta zama musu dole. Hanta ba ta kuka da wuri. Ƙari yana iya girma a cikinta mutum yana harkokinsa, kuma ranar da ciki ya kumbura ido ya canza launi, galibi an makara. Idan aka gan shi yana ƙarami, ana iya yanke shi ko a ƙone shi. An zaɓi wata shida ne saboda a cikin wannan tazara ƙarin da bai bayyana a hoton baya ba yawanci bai wuce a yi masa aiki ba. A ƙasashenmu wannan sankara tana kama mutane suna 'yan shekara talatin da arba'in, don haka kada ka ce sai ka manyanta.

Game da ɗabi'u, giya babu ita sam, taba ma haka. Ka kula da ƙiba da ciwon suga, domin kitse yana taruwa a hanta ya ƙara mata wahala. Ka daina sayen magani a kemis ba tare da ka faɗi cewa kana da ciwon hanta ba. Sauran 'yan ɗakinku, da matar marigayi da 'ya'yansa, a tabbata kowa ya yi gwajin.

Malamin Gona ya amsa:

Likita ya gama magana a kan asibiti, ni zan ƙara ta ɓangaren rumbu. Akwai wata guba mai suna afulatoksin, wadda wani nau'in funfuna yake haifarwa a jikin gyaɗa da masara, kuma hukumar binciken sankara ta duniya ta sa ta cikin abubuwan da aka tabbatar suna jawo sankarar hanta. An gano ta ne bayan da talotalo kimanin 100,000 suka mutu a Ingila a 1960 sakamakon cin tunkuzar gyaɗa da aka shigo da ita daga Brazil. A 2004 kuma gurɓatacciyar masara ta kashe mutum 125 a Kenya. Wanda yake da ciwon hanta na B kuma yana cin wannan guba, haɗarinsa ya ninka na mai ɗaya daga cikinsu sau da yawa.

Abin da yake damuna shi ne yadda muke yi a gida. Za ka ga an zauna a tabarma an tsince gyaɗa, mai kyau a auna ta tafi kasuwa, ita kuwa ƙanƙanarriya, da fasasshiya, da wadda ta yi baƙi-baƙi, a tara ta a ƙwarya a ce ta gida ce, a soya a yi ƙuliƙuli ko a zuba a miya. Wato daidai inda gubar ta fi taruwa shi muke ba iyalinmu. Suya da dafuwa ba sa kashe ta yadda ake zato, kuma idan aka zuba wa saniya, wani ɓangare yana fitowa a nono. Gyaɗar da ka tauna ka ji ɗaci, ka tofar.

Manomi ya cire amfani a kan lokaci, ya shanya a kan tamfol ko leda maimakon ƙasa tsura, ya tabbata ya bushe ƙayau kafin ya zuba a buhu, ya ɗora buhunan a kan katako nesa da bango mai danshi. Akwai kuma Aflasafe, wani haɗi mai rage wannan guba a amfanin gona, wanda cibiyar binciken aikin gona ta IITA da ke Ibadan ta samar, ana watsa shi a gona makonni biyu zuwa uku kafin shuka ta yi fure. Kai da kake saye a kasuwa, ka sayi gyaɗa tsaba ka tsince da kanka, domin wadda aka riga aka niƙa ba ka san irin da aka zuba ba.

Baban Hafsat ya sake rubutawa:

Na gode ƙwarai, Allah ya saka da alheri. Na karanta wa maiɗakina amsoshin, kuma za ta yi gwajin a awonta na gaba. Saura tambaya ɗaya: a gidanmu wanzami ne yake yi wa jariri askin suna, yana kuma cire beli. Shin da haɗari a nan?

Ma'aikaciyar Jinya ta amsa:

Da haɗari, Malam, domin ƙwayar tana iya rayuwa a jikin aska aƙalla kwana 7, ko da jinin ya bushe ba a ganinsa, kuma goge ta da tsumma ko tsoma ta a ruwan ɗumi bai isa ba. Idan za a yi aski, ka sayi sabuwar reza ka buɗe ta a gabanka ka miƙa wa wanzamin, bayan an gama a jefa ta a masai. Cire beli kuwa ba ma ba da shawararsa, saboda ban da ciwon hanta akwai zubar jini da tsinkau-tsinkau, kuma belin ba ya hana yaro shan nono. Kai ma ka keɓe askarka da abin yankan farcenka da buroshin haƙorinka, kuma idan ka je ƙaho ko cire haƙori ka sanar da mai yi, amma kwano da kofi ku koma ci tare.