Saman teburi ya lanƙwashe, haɗin gam ya buɗe: ina gyaran yake?

Assalamu alaikum iyayen gidanmu kafintoci. Ina neman shawararku kan ƙaramin teburin da na haɗa a ajin koyon kafinta.

Saman teburin falle uku ne na katakon malaina, kowanne kaurin inci 1, faɗin inci 8, tsawon ƙafa 3. Na goge gefunan, na shafa farin gam, na matse su kwana ɗaya, sannan na ɗaure saman a jikin firam da sukuru 8, tamau. Banish kuwa fuskar sama kaɗai na shafa, hannu biyu, ƙasan na bar shi haka.

Da iskar hunturu ta kankama, sai saman ya lanƙwashe, tsakiya ta yi tozo. Idan na ɗora ruler a kai, tana lilo. Haɗi ɗaya ya buɗe daga baki, tsawon inci 5, har takarda na shiga, kuma katakon ya fara tsagewa kusa da sukuru guda.

Zargina, katakon bai gama bushewa ba, ƙasan da ba banish ya riga saman fitar da danshi, sukurorin kuma sun hana shi tsukewa.

To yanzu in kwance in tsaga haɗin da zarto, in sake gogewa in manna? Ko in jingine fallayen a inuwa tukuna, kuma na tsawon mako nawa? Idan na tsawaita ramukan sukurun ta faɗin katako, zai hana tsagewar ci gaba?

Allah ya saka da alheri.