Hajiya na son ajiye ƙwayar hawan jini ta koma shan zoɓo, me za ku ce?

Maman Hanif:
Assalamu alaikum jama'a. Shawara nake nema a kan mahaifiyata. Ta haura shekara sittin, bara aka gano tana da hawan jini, ranar da aka fara auna ta 168/98 aka samu. Likita ya ɗora ta a kan amlodipine, ƙwaya ɗaya kullum da safe. Ciwon kan ya lafa, amma ƙafafunta sun fara kumbura wajen idon sawu, ita kuwa dama can ba ta ga maciji da maganin asibiti. Yanzu wata ƙawarta da suke islamiyya tare ta ce mata ta ajiye ƙwayar ta riƙa shan zoɓo da tafarnuwa, wai ita da su ta rabu da nata. Hajiya ta hau kai ta zauna, har ta aiki Hanif ya auno mata kwano guda. Ni ba na son yi mata musu ba tare da hujja ba, kun san iyayenmu. Shin zoɓon nan yana sauke jini da gaske? In yana yi, yaya ake haɗa shi?

Ɗan Maigatari:
Wa'alaikumus salam. Allah ya ba Hajiya lafiya. Ni ba likita ba ne, amma zoɓo sana'ata ce, a nan Jigawa muke noma shi muna aunawa 'yan kasuwa, wani har Meziko ake kai shi. Abin da zan ce miki, wanda ake ƙullawa a leda ko a dura a gora ana sayarwa a tasha ba shi ake nufi ba. Wannan rabinsa sukari ne da kala da filebo. Ki nemi busasshe mai duhun ja, wanda bai yi fumfuna ba, ki wanke shi ya rabu da yashi, ki zuba cikin hannu ɗaya a ruwan da ya tafasa, ki sauke ki rufe ya jiƙu, sannan ki tace. In tsamin ya yi mata yawa a jefa citta da kanumfari kaɗan. Kada a sa masa kanwa don kashe tsami kamar yadda wasu ke yi. Maganar ajiye ƙwaya kuwa, wannan ba hurumina ba ne.

Anti Nas:
Maman Hanif, sannu da ƙoƙari. Na daɗe ina aiki a ɗakin da ake duba masu hawan jini da ciwon suga, kuma wannan tambayar kusan kullum sai an yi mana ita.

Ƙawar Hajiya ba ƙarya ta yi gaba ɗaya ba. Zoɓo yana sauke jini, an gwada. A 2010 masana a Jami'ar Tufts ta Amurka sun fitar da sakamakon wani gwaji da suka yi da mutum 65: wasu aka riƙa ba su kofi uku na shayin zoɓo kullum har mako shida, wasu aka ba su abin sha mai kama da shi. Masu shan zoɓon, lambar sama ta jininsu ta sauka da kusan maki 7, sauran kuwa da kamar maki ɗaya. Amma ki lura, mutanen nan jininsu kaɗan ya hau, ba su kai ga shan magani ba. To yanzu ki yi lissafi da na Hajiya. Cire 7 daga 168, saura 161. Abin da ake so kuwa ya dawo ƙasa da 140/90. Kin ga tafiyar da sauran nisa.

Abin da yake ba ni tsoro shi ne, hawan jini ba ya sallama. Mutum zai ajiye magani ya ji garau wata da watanni, ya ce ai ya warke, alhali jijiyoyin ƙwaƙwalwa da ƙoda da zuciya suna shan wahala a ɓoye. Da yawa daga masu shanyewar ɓarin jiki da ake kawo mana, in ka bibiya, sai ka ji sun daina shan maganinsu ne saboda sun ji sauƙi. Ita ƙawar tata, yaushe rabon da a auna ta? Ki tambaya.

Kumburin ƙafar kuma sanannen abu ne ga amlodipine, ba kowa yake yi wa ba, amma yana yi. Ba dalilin ajiye magani ba ne, dalilin komawa wurin likita ne. Zai duba ko daga ƙwayar ne ko daga zuciya ko ƙoda, sannan ya rage ƙarfinta ko ya canza mata wata, magungunan suna da yawa. Ki kuma gaya masa tana shan zoɓo, don in an haɗa shi da magani wani lokaci jinin kan sauka har mutum ya ji jiri in ya miƙe. Tafarnuwa a cikin miya ba laifi. Amma haɗiyar tafarnuwar da yawa kullum tana ƙona ciki ga mai gyambon ciki, tana kuma tsinka jini, abin lura ne in tana shan asfirin.

In da ni ce, kafin in damu da zoɓo tukunyar miya zan fara leƙawa. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce gishirin da babba zai ci a yini kada ya kai giram 5, wato kamar ƙaramin cokalin shayi ɗaya, kuma da na cikin burodi da yaji da ƙilishi duk a ciki. Mu kuwa a zuba gishiri, a marmasa dunƙulen ɗanɗano uku ko huɗu, wanda shi ma yawancinsa gishiri ne, sannan a jefa kanwa a kuka ko kuɓewa. Kanwar nan sinadarin da ke cikin gishiri mai hawar da jini, shi ne a cikinta. Tun shekarun 1970 likitoci a Zariya suka lura da yawan ciwon zuciya ga mata masu jego, suka alaƙanta shi da yawan shan kunun kanwa da wankan ruwan zafi da kwanciya a gadon ƙasa mai wuta. Don haka ba sabuwar magana ba ce.

Baba Malam:
'Yata, Allah ya yi miki albarka da kula da mahaifiya. Tsofaffi irinmu ba a ci mana da gardama. Kada ki ce mata zoɓo ba magani ba ne, za ta ga kin raina abin da ta tashi ta gani. Ki ce mata ta haɗa biyun. Hadisi ya tabbata cewa Allah bai saukar da cuta ba sai da ya saukar da maganinta, bai kuma ce sai na ganye kaɗai ba. Ni ma ina shan nawa na asibiti, ina kuma cin zogalena da ƙuli-ƙuli da rana. Matata ta koma sa daddawa da yawa a miya maimakon dunƙule, da fari na yi ƙorafi, yanzu harshe ya saba.

Maman Hanif:
Na gode ƙwarai, Allah ya saka da alheri. Na karanta mata maganar Baba Malam da ta Anti, ta yi shiru, sannan ta ce to a bar mata zoɓonta, ƙwayar ma za ta ci gaba, amma kanwa a miyar kuka ba ta yi alkawari ba. Ranar Litinin za mu koma asibiti kan ƙafar. Anti, yayana ya ce zai sayo na'urar awon jini ta gida, wace iri ce ta fi?

Anti Nas:
Ya sayi wadda ake ɗaurawa a dantse, ta fi ta wuyan hannu daidaito, kuma ya duba maɗaurin ya zagaye dantsen Hajiya sosai. Ta zauna ta huta minti biyar, ta jingina bayanta, ƙafa a ƙasa, hannu a kan tebur daidai ƙirji, kada ta yi magana ana awo. Safe kafin ta sha ƙwaya, da kuma dare. Ki samu ƙaramin littafi ki riƙa rubuta rana da lamba, ku tafi da shi ranar ganin likita. In kin ga 180/120 ko sama tare da matsanancin ciwon kai, ko ciwon ƙirji, ko baki ya karkace, ko hannu ya mutu, kada ku jira Litinin, ku wuce asibiti a take.